Ramin da ya ɗaure hannun Colt shekara da shekaru: yadda libarbar ɗuri ta koma cin harsashi

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan kaboyi ya saba ganin jarumi ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefen libarbarsa, ya zazzage kwanso, ya jera sabbin harsasai shida cikin 'yan daƙiƙu ya ci gaba da ɓarin wuta. To in dai an ce labarin kafin 1870 ya faru, yawanci shirga mana ita kawai ake yi. Libarbar da yawancin Amurkawa suka yi yaƙin basasarsu da ita daga 1861 zuwa 1865 ba ta cin harsashi irin wanda muka sani, ɗura ta ake yi ta gaba, kusan yadda maharbi yake ɗura bindigar toka, bambancin kawai ita ɗakuna shida gare ta a cikin wata silinda mai juyawa, shi kuma maharbi bakinsa ɗaya ne.

Kuma abin da zai baka mamaki, ba wai ba a san harsashi mai kwanson ƙarfe ba ne a lokacin. An sani sarai. Takarda ce da lauyoyi suka tsare hanya, daga baya kuma da hanyar ta buɗe sai lissafin kuɗi ya hana a zubar da tsofaffin bindigogin, shine aka shiga yi musu kwaskwarima. Tarihin juya libarbar ɗuri ta koma ta harsashi in ka bi shi, aikin ƙira a ciki kaɗan ne, yawancinsa shari'a ce da ciniki.

Bari mu fara da ita tsohuwar, don sai ka ga wahalarta za ka gane me yasa mutane suka matsu. Kowane ɗaki na silindar a toshe yake ta baya, sai ɗan tsinin ƙarfe mai ƙaramin huji. Za ka zuba albarushi ta gaba, ka ɗora dunƙulen dalma a baki, ka juya silindar ta zo ƙarƙashin wata sandar danni da ke manne a ƙasan bututun, ka ja sandar ta cusa dalmar ciki da ƙarfi, wasu su shafa kitse ko giris a kai, sannan ka koma baya ka ɗora wata 'yar hula ta jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin tartsatsi a kan tsinin nan. Wannan ɗaki ɗaya kenan fa, saura biyar. A lokacin yaƙi sojoji sun samu ɗan sauƙi da ƙullin takarda wanda albarushi da dalma suke haɗe, amma hular dai sai ka sa ta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a kan doki, da sanyi ko da ruwan sama, ga wani yana harbinka. Shi yasa mahaya da yawa, musamman 'yan sari-ka-noƙe na yankin Missouri, ba sa ma tsayawa ɗuri, libarba huɗu ko fiye suke ratayawa, wannan ta ƙare a zaro waccan.

Banda jinkiri akwai wasu cututtukan. Damshi na shiga ya kashe albarushin. Hular in ta fashe gutsattsarinta kan faɗa cikin injin bindigar ya cije, kuma wannan ciwon ya fi damun ƙirar kamfanin Colt. Mafi muni shine wuta ta tsallaka daga ɗakin da aka harba ta kama na kusa da shi, biyu ko uku su tashi lokaci ɗaya alhali ɗaya ne kawai yake saitin bututu.

Harsashi mai kwanso ya tattara abubuwa huɗun nan ne wuri ɗaya, dalma, albarushi, sinadarin tartsatsi, da kwanson da ya rufe su ruf ruwa baya shiga. Kuma kwanson yana wani aikin da ba kowa ke lura ba, lokacin da wuta ta tashi yana kumbura ya manne da bangon ɗakin ya hana hayaƙi da wuta dawowa baya wajen fuskar mai harbi. Faransawa ne suka yi gaba a nan. Casimir Lefaucheux ya fito da harsashi mai ɗan ƙusa a gefe tun shekarun 1830, Flobert ya fito da ƙaramin harsashi mai sinadari a gefen gindi a 1845, ɗan Lefaucheux ɗin mai suna Eugène kuma ya yi rajistar libarba mai cin harsashin ƙusa a 1854, har sojan ruwan Faransa suka karɓe ta a 1858. Wato kafin a harba bindiga ko ɗaya a yaƙin basasar Amurka, matuƙan jirgin ruwan Faransa suna ɗura libarba ta baya. Sai daga baya nau'i na uku ya zo ya mamaye duniya, wanda sinadarin yake a tsakiyar gindi, shine yawancin harsasan yau.

Don libarba ta ci irin wannan harsashin abu ɗaya take buƙata, ramin ɗakin ya huda silindar daga gaba har baya, yadda za a zura harsashi ta baya. Rami kawai. To wannan ramin wani ya riga ya yi masa rajista a Amurka.

Sunansa Rollin White, yana aikin kwangila ne a masana'antar Samuel Colt da ke Hartford a jihar Connecticut. Ranar 3 ga Afrilu 1855 ya samu takardar mallakar fasaha ta wata libarba da ya zana, kuma maganar gaskiya bindigar tasa shirme ce, tana da wani akwatin harsasan takarda da wasu tarkace, ba ta taɓa zama kayan kasuwa ba. Amma a cikin bayanin rajistar akwai jimlar da ta ce ɗakunan silinda a huje suke har baya. Ya kai wa Colt, Colt ya duba ya ce baya so. Mutane suna yawan zagin Colt a kan wannan, ni kuma ina ganin an ɗan yi masa rashin adalci, abin da aka ajiye masa a tebur bindiga ce da ba ta aiki, shi kuma a lokacin duk abin da ya ƙera sayuwa yake. Kuskurensa dai bai ga abin da ke ɓoye cikin takardar ba, kuma ya rasu a Janairun 1862 bai ga irin tsadar da abin zai yi wa kamfaninsa ba.

Waɗanda suka gani su ne Horace Smith da Daniel Wesson. Suna da ƙaramin harsashinsu suna jiran rajistar Colt ta silinda mai juyawa ta ƙare a 1857, da suka je bincike sai suka tarar White ya riga su ramin. A Nuwamban 1856 suka yi yarjejeniya da shi, su kaɗai ke da izinin amfani da fasahar, shi kuma za a rinƙa bashi santi 25 a kan kowace bindiga. Sai dai akwai wani sharaɗi da Wesson ya saƙala wanda ya zame wa White ƙarfen ƙafa, duk wanda ya saci fasahar, White ne zai kai shi kotu da kuɗin aljihunsa. Kaga kamfani na ƙirga riba, shi kuma mai rajista yana zarya tsakanin lauyoyi.

Smith & Wesson suka fito da ta farko a 1857, 'yar mitsitsiya mai harsashi bakwai na .22. Ga wanda bai saba da lambobin nan ba, faɗin harsashi ne a ma'aunin inci, .22 wato kashi 22 cikin ɗari na inci ɗaya. A 1861 suka ƙara da mai .32. Hafsoshi sun saye su da kuɗinsu sosai, oda ta yi wa kamfanin yawa har ya kasa cikawa, amma duk ƙanana ne, na aljihu, ba su kai ƙarfin .44 ɗin da soja ke so ba. Wato masu izinin ba su yi babba ba, masu iya yin babba kuma ba su da izini. Haka aka yi yaƙin gaba ɗaya, gwamnatin tarayya ta arewacin Amurka har sai da ta sayo libarbar Lefaucheux wajen dubu goma sha biyu daga Faransa.

Sauran kamfanoni ba zama suka yi ba. Wasu suka yi kunnen ƙashi suka huda silindarsu, White ya maka su kotu ya yi nasara, irin su Moore da Pond da Warner sai da aka tilasta musu miƙa kayan da suka ƙera, wasu aka buga musu tambarin cewa don Smith & Wesson aka yi su. Wasu kuma suka koma dabarar kauce wa jimlar, kuma a nan ne aka ga ƙirƙire-ƙirƙire masu ban dariya. Moore ya dawo da harsashi da ake sawa ta gaba mai ɗan nono a gindi da ke leƙowa ta wani ƙaramin huji guduma, wato ƙarfen da kunama ke saki, ta buge shi. Plant ya yi mai gindi kamar kofi, shima ta gaba. Slocum ya yi silinda mai wasu bututai da ake zamewa gaba a sa harsashi ta gefe. Duk wannan wahalar don kada alƙali ya ce ramin ya fita ta baya.

Da aka gama yaƙi a 1865 sai kasuwa ta kife. Colt 1860 Army kaɗai an ƙera wajen 200,000 zuwa 1873, gwamnati ta sayi fiye da 120,000 daga ciki, Colt 1851 Navy ta haura 200,000, ga na Remington tuli, ga na ƙananan kamfanoni. Sojoji sun koma gida da wasu, gwamnati ta fito da saura gwanjo da arha, oda ta tsaya cak. Kamfanin Colt kuma dama gobara ta cinye masa babban sashen masana'anta a Fabrairun 1864, matar marigayin Elizabeth ce ta tsaya aka sake ginawa, ga sito cike da kayan gyara na bindigar da kowa ya san zamaninta ya wuce. In kai ne mai kamfanin me za ka yi? Bututu lafiyayye, gangar jiki lafiyayya, mariƙi da kunama da sifirin duk lafiya, silinda kawai da bakin guduma ne matsalar.

Remington suka bi hanyar da ta fi sauƙi, suka je suka biya. A 1868 suka yi yarjejeniya da Smith & Wesson suka juya libarbarsu ta .44 guda wajen 4,500 ta koma cin harsashin .46 mai tartsatsi a gefe, wani dillali a Cincinnati mai suna Kittredge ya kwashi yawancinsu. Sabuwar silinda suka yi mata, kuma ɗaki biyar maimakon shida, saboda kwanson yana da leɓe a gindi kuma guda shida ba za su zauna a da'irar ba tare da sun hau juna ba. Wannan ita ce babbar libarbar harsashi ta farko da aka sayar da yawa a Amurka ta hanyar halal, shekara ɗaya kafin rajistar ta mutu.

Colt kuwa girman kai ko lissafi ya hana su biya, sai suka ɗauki dabarar wani ma'aikacinsu F. Alexander Thuer wanda ya yi rajistarta a 1868. Harsashinsa mai kwanson ƙarfe ne amma ba leɓe, gindinsa ya fi gabansa siranta, ana cusa shi ta gaba da sandar dannin nan ta da, matsi kawai ke riƙe shi. A bayan silindar akwai wani zobe mai ɗauke da allurar bugu, in ka murɗa shi wani gefen ka saki guduma sai ta tunkuɗo kwanson ya fita ta gaba. A takarda abin burgewa ne, kuma yana da wani amfani na gaske, in harsashi ya yanke maka a daji za ka iya mayar da tsohuwar silindar ɗuri ka ci gaba. Amma a aikace harsasan kan sassauta su zamo gaba in an yi harbi, ga tsada, ga wuyar samu. Wajen 5,000 aka yi tsakanin 1869 da 1872 aka haƙura. Yau masu tara kayan tarihi suna zuba kuɗi a kanta saboda ƙarancinta, a lokacinta kuwa ba wanda ya yi kukan rabuwa da ita.

Rajistar White ta cika shekara 14 ranar 3 ga Afrilu 1869. Ya nemi ƙari, hujjarsa ita ce shi abin da ya samu bai wuce dala 71,000 ba, shari'a ta cinye da yawa, alhali kamfanin ya haura miliyan. Ofishin rajista ya ƙi. Ya garzaya majalisa, majalisa ta tausaya masa ta zartar da ƙudurin da zai bashi damar a sake sauraronsa, sai shugaban ƙasa Ulysses Grant ya hau kujerar na-ƙi a Janairun 1870. Shawarar shugaban sashen makamai na soja Alexander Dyer ya bi, wanda ya ce rajistar nan ta takura gwamnati a lokacin yaƙi. Ka tuna Grant shine janar ɗin da ya jagoranci sojojin da suka yi ta fama da hula da ƙullin takarda, ba wurinsa ake zuwa neman tausayi a wannan maganar ba.

Ƙofa na buɗewa Smith & Wesson suka riga kowa, a 1870 suka fito da babbar libarbarsu ta .44 da ake karyawa ta sama duk kwanson shida su fito lokaci ɗaya, sojan Amurka suka sayi 1,000, Rasha ta yi odar 20,000 a 1871. Colt ba su da sabuwar ƙira a hannu, abin da suke da shi sito ne. Nan Charles Richards ya shigo, injiniyan da daga baya ya zama farfesa a jami'ar Yale. Rajistarsa ta Yulin 1871 ita ce ta zama juyin da ya yi aiki da gaske. An datse bayan silindar inda tsinayen hula suke ramukan suka buɗe, gurbin da ya rage aka cike shi da wani faifan ƙarfe da aka kafe a jikin bindigar, a faifan akwai allurar bugu da 'yar ƙofar sa harsashi da abin saiti, sandar danni kuma da yake ba ta da sauran aiki aka cire ta aka sa tsinken turo kwanso a gurbinta. Sojan ƙasa suka ba da odar a juya musu wajen 1,200, jimillar da aka yi kuma ta kai wajen 9,000 zuwa 1878.

Da tsofaffin bututaye suka fara ƙarewa a sito, William Mason, wanda ya taɓa aiki da Remington, ya sauƙaƙa abin a 1872. Allurar ta koma jikin guduma, aka ƙera sabbin bututaye da ba su da gurbin sandar danni tun asali, tsinken turo kwanso aka ɗaure shi a gefe. Ita ake kira Richards-Mason, wajen 2,100 aka yi a kan 1860 Army, wajen 3,800 a kan 1851 Navy, banda ƙananan na aljihu. Kuma a nan akwai abin da mutane ke ruɗewa, da yawa daga cikin waɗannan da ake cewa an juya ba su taɓa cin albarushin ɗuri ba ko sau ɗaya, sababbi ne fil aka haɗa su a masana'anta da ragowar kayan gyara. Wasu kuma na mutane ne da suka aika tasu aka gyara aka dawo musu da ita. Kashi na uku na maƙeran gari ne a garuruwan yamma da kan iyakar Meziko, kowa da irin tasa basirar, wasu aikin tsaf wasu kuma ko tsinken turo kwanso babu sai dai mutum ya nemi ƙusa ko kara ya zunguro.

Yanzu ga inda maganar ta fi daɗi, wato rikicin lambobi, don har yau muna cikinsa. A zamanin ɗuri sunan bindiga daga faɗin ramin bututu ake ɗaukarsa kafin a yanka masa tsagogin nan masu murɗa dalma. Saboda haka wadda ake kira .44 dalmar da take ci ta kai wajen .45, wadda ake kira .36 kuma tata wajen .375 ce zuwa .38. Faɗin ɗakin silinda daidai yake da faɗin dalmar. To yanzu ka zo za ka sa kwanso a wannan ɗakin, in dalmar ta shige cikin kwanson gaba ɗaya dole ta fi ramin bututu siranta da kaurin bangon kwanson, za ta wuce tana lilo tsagogin ba su kama ta ba, harbi ya tafi inda ya ga dama. Maganin da suka samo shine dalma mai dunduniya, jikinta faɗinsa ɗaya da wajen kwanson, gindinta kawai aka sirantar ya shiga ciki. Haka harsashin .44 Colt yake, haka .38 na farko yake, kuma daga faɗin kwanson ne sunan .38 ya fito, shi yasa bindigar .36 in an juya ta sai ta koma .38 alhali ba a taɓa bututunta ba.

Ita ma dunduniyar da matsalarta. Man da ake shafa wa dalma yana waje ne, yana kwasar yashi da ƙura a aljihu ko a ɗamara, rana ta narkar da shi. Rashawa ne da suka zo odarsu suka ce su ba sa son haka, a mayar da dalmar da manta cikin kwanso, kuma sannu a hankali kowa ya bi. Dalmar ta sirance amma sunan bai canza ba, shi yasa yau harsashin da ake kira .38 ainihin faɗinsa .357 ne, wanda ake kira .44 kuma .429. Wanda ya rage da dunduniyarsa har yanzu a kasuwa shine ɗan ƙaramin .22. Masu tsofaffin bindigogin da aka juya kuwa da sabon harsashi ya zo sai saiti ya lalace musu, sai da kamfanoni suka rinƙa yin dalma mai rami a gindi wadda ƙarfin wuta ke buɗawa ta kama tsagogin.

Akwai iyakar da kwaskwarima ba ta iya wucewa. Ƙirar Colt ta da ba ta da gada a saman silinda, bututun yana zaune ne a kan sandar tsakiya, wani ɗan ƙarfe da ake cusawa ta gefe ke riƙe shi, da yawan harbi sai ya fara sassautawa. Ta Remington gangar jikinta a rufe take ta sama, shi yasa ta fi jure juyin. Colt sun gwada fito da sabuwa a kan tsohon fasali a 1871 zuwa 1872 mai cin harsashin .44 Henry, wajen 7,000 aka yi, soja suka gwada suka ce a'a, suna son gada a sama da harsashi mai ƙarfi. Mason da Richards suka koma suka zana wadda ta fito a 1873, Single Action Army mai cin .45 Colt, ita ce dai ta finafinan. Soja suka fara da odar 8,000 a kan dala 13 kowace.

Sai dai fitowarta bai kashe juyayyun ba nan take, kuma nan ne nake ganin tarihin da ake bayarwa ya fi karkacewa. Shekarun farko soja ne ke kwashe yawancin sabuwar, wadda ta kai kanti kuma da tsada. Makiyayin shanu da ke karɓar dala 25 zuwa 40 a wata, ko manomin da ya dawo da tasa daga yaƙi, abin da ya fi masa shine juyayya mai arha, ko ma ya ci gaba da ɗurinsa tunda gwangwanin albarushi da dalma da hula sun fi kwalin harsashi sauƙin kuɗi kuma ana samunsu ko'ina. Shekarun 1870 da ake kora garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, ƙugun mutane a cakuɗe yake, ta ɗuri, juyayya, da sabuwa jefi-jefi.

Ba Amurka kaɗai ba ce ta yi wannan lissafin. Ingila, inda rajistar White ba ta da iko, ta juya libarbar Beaumont-Adams ta sojanta ta koma cin harsashin .450 a 1868. A dogayen bindigogi ma haka, Erskine Allin na masana'antar makamai ta gwamnatin Amurka da ke Springfield ya yanka bayan bindigogin yaƙin basasa ya sa musu murfi tun 1865, Ingila ta ɗauki dabarar wani Ba'amurke Jacob Snider a 1866 ta juya Enfield ɗinta ta 1853, Faransa ta yi nata a 1867. Bindigar Snider ɗin nan ta iso yankinmu, da ita Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1874, yaƙin da sojojin Hausawa na wani hafsan Ingila mai suna Glover suka kasance a ciki.

Duk waɗannan juyayyun har lokacin baƙin albarushi ne a cikin kwansonsu, hayaƙi da dauɗa suna nan yadda suke. Albarushi mara hayaƙi sai 1884 Paul Vieille ya samar da shi a Faransa, kuma matsinsa ya fi na baƙin nesa ba kusa ba, yana tashi da sauri. Colt da kansu ba su ba da tabbacin Single Action Army za ta ɗauke shi ba sai 1900, ballantana silindar zamanin yaƙi da aka datse wa baya bangonta ya yi siriri. Tsofaffi da dama a haka suka tarwatse a hannun jikokin masu su.

Abin ya sake dawowa ne ta wata hanya. Wajen cikar yaƙin basasa shekara ɗari, kamfanonin yankin Brescia a Italiya irin su Uberti da Pietta suka shiga ƙera kwafin libarbar ɗuri suna turawa Amurka, daga baya wasan harbi na shigar kaboyi ya bunƙasa, ƙungiyarsu ta kafu a 1987, sai ga sabuwar kasuwar silindar musanya da kuma kwafin Richards-Mason da aka ƙera da harsashi tun daga masana'anta. Tsofaffin matsalolin duk sun biyo su. Kwafin .44 harsashin .45 ne ya dace da bututunsa, kwafin .36 kuma .38 na zamani ya yi masa siriri, leɓen kwanso har yanzu yana sa wasu su koma ɗaki biyar kamar Remington a 1868, masu ƙera silindar kuma suna gargaɗin harsashi mai sauƙin caji da dalma zalla kawai, kuma kada a kusanci kwafin da gangar jikinsa ta tagulla ce don miƙewa take yi.

Doka ma tana nan a tsakiyar maganar kamar da. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta ware bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwafinta da ba ya cin harsashi mai kwanso, ta ce kayan tarihi ne, amma da zarar kwafin ya koma cin harsashi ya fita daga wannan rukunin ya zama bindiga cikakkiya, wanda doka ta hana riƙe bindiga ya taka doka kenan, wasu jihohin ma tun tana ta ɗurin ba su yarda da rangwamen ba. A Najeriya kuwa wannan rarrabewar babu ita sam. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol kowane iri, har masu ƙyastu da masu hula, a jerin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, doguwar bindigar toka ce kawai take wani rukunin daban mai sauƙin izini, ƙira ko gyaran bindiga ba tare da izini ba kuma laifi ne mai zaman kansa.